Jan Layi Biyu a Gilashin Alaramma

Makon jiya wani saurayi ya shigo shagona a Koki, ya zauna a benci yana kallona ina saka gilashi a firam. Da na gama sai ya ce, “Baba Garba, ashe aikin ke nan? Wannan ai ko mako biyu ba zan yi ba na iya.” Na miƙa masa wani tsohon gilashi na ce ya nuna mini cibiyarsa. Ya juya, ya sake juyawa, ya ɗora yatsa a tsakiya yana murmushi. Na ce ya tashi ya tafi gida ya ci tuwo. Saboda shi da ire-irensa nake wannan rubutu, ku da kuka buɗe ido kuka tarar inji na yanka, kwamfuta na awo, mai talla na yawo da tabarau a faifai kamar goro.

Bari in fara da cibiyar, tun da a kanta labarin zai tsaya. Kowane gilashin magani yana da wuri guda da haske ke ratsawa bai karkace ba. Wurin nan shi muke kira cibiya, kuma ba dole ba ne ya kasance a tsakiya. In ka yanka gilashi cibiyarsa ba ta zauna daidai kan ƙwayar idon mai shi ba, ka cuce shi. Kansa zai yi ta ciwo, ya riƙa ganin ƙasa ta yi tudu, ya ɗaga ƙafa zai taka dakalin da babu. A zamaninmu ba mu da inji mai nuna ta. Farin kwali muke da shi, an ja masa baƙaƙen layuka biyu, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, sun ratsa juna. Sai ka riƙe gilashin tsakaninka da kwalin, ka rufe ido ɗaya. Za ka ga layin da ke cikin gilashin ya goce daga wanda ke waje. Ka yi ta matsawa a hankali, sama, ƙasa, dama, hagu, har layukan su haɗe kamar ba gilashi a tsakani. Inda suka ratsa juna nan ce cibiya. Sai ka ɗauki jan fensir mai maiƙo ka ja ƙananan layuka biyu a wurin, yadda suke a kwalin. Na kwance shi zai tuna maka yadda gilashin zai zauna, kada ka juya shi wurin yanka. In ka gama komai, aikin ƙarshe shi ne ka goge jan.

Na koyi wannan a asibitin ido na mishan da ke bayan ganuwa. Ba neman sana'a ya kai ni ba. Mahaifina ne yanar ido ta rufe masa ido biyu, an yi tofi an yi kwalli an yi hayaƙi, har ya kai sai an ja shi zuwa masallaci. Ya yi shekara biyu yana cewa gara ya mutu makaho da ya shiga gidan masu kuros. Ranar da ya taka wuta a tsakar gida ya yarda. Na kai shi, aka yi masa aiki, bayan kwanaki aka kwance masa ido ya dube ni ya ce, “Garba, yaushe ka yi gemu?” Ina da shekara ashirin da 'yan kai a lokacin, ba ni da aikin kirki, sai na nemi aikin share ɗakin da ake yanka gilashi.

Ba zan ɓoye muku ba, asibitin nan ba don magani kaɗai aka gina shi ba. Kowace safiya kafin likita ya fara duba mutane, sai wani ya tsaya a rumfa ya yi wa'azinsu, marasa lafiya na zaune a layi, ba mai iya tashi don kada layinsa ya wuce. Mutanen birni sun san haka, shi ya sa da yawa suka gwammace su zauna da ciwonsu. Amma kuma a wurin ne aka buɗe wa ubana ido. Duka biyun gaskiya ne, na gan su da idona, kuma ban taɓa iya jefar da ɗaya in riƙe ɗaya ba.

Mai ɗakin gilashin shi ne Malam Bulus, Bahaushe Kirista daga wani ƙauye a ƙasar Zazzau, siriri, mai ƙaramar murya. Idonsa ba ya gani nesa ko kaɗan. In ya cire tabaraunsa mai kauri kamar gindin kofi, ba ya bambance mutum da turmi a taku uku. Wata shida ina shara bai bar ni na taɓa gilashi ba. Daga nan ya ba ni fasassu in koyi guntula. Kayan aikin kaɗan ne, amma kowanne yana da halinsa. Akwai alƙalamin yanka mai ɗan dutse a baki, wanda ake ja sau ɗaya tak, in ka maimaita layi gilashin ya tsage. Akwai filaya da ake guntule gefe da ita kaɗan-kaɗan, yadda ɓera ke cin ƙuli-ƙuli. Akwai dutsen washi mai juyawa, gwangwani a samansa yana ɗigo da ruwa, a kansa ake lallaɓa bakin gilashi har ya shiga ramin firam. Akwai tukunyar gishiri mai zafi da ake tsoma firam ɗin roba ya yi laushi. In ka daɗe ya narke, in ka yi gaggawa ya karye. Yatsuna biyun nan da ba su da zane, dutsen washi ne ya cinye su.

Malam Bulus ba ya faɗa. In ka yi kuskure zai saka gilashin a idonka ya ce ka je ƙofa ka dawo. Na taɓa yin karo da bango da wani gilashi da na yanka, ya ce, “To, haka za ka aika tsohuwar mutane ta hau mota.” Kuma ba ya miƙa wa kowa tabarau sai ya ɗaga shi sama wajen haske, ya huro masa numfashi, ya goge da farin ƙyalle. Kullum maganarsa guda ce: “Goge kafin ka miƙa.”

Shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki, Malam Bulus ya yi ritaya, ni kuma mahaifina ya bar mini wannan shago. Gari ya cika da tutocin jam'iyyu da motoci masu lasifika, kowa na cewa lokacin walwala ya zo. Na ga a cikin birni akwai ɗaruruwan malamai da maɗinka da masu ɗinkin hula da idonsu ya gaji, kuma ba za su taɓa zuwa mishan ba. Ni na iya yanka, amma gwajin ido sai Malam Bulus. Na je Sabon Gari na roƙe shi. Ya ce, “Garba, ka san inda kake so ka kai ni?” Na ce ai unguwarmu ce, kowa ya san ubana. Ya yarda zai riƙa zuwa Talata da Alhamis da Asabar, a kan kekensa, akwatin gilasan gwaji ɗaure a baya, ya fita kafin magariba.

Ya fi ni sanin inda yake. Ranar farko da muka rataya kwalin nan mai layi biyu a bango, da muka gama da shi sai ya juya fuskarsa ga bango. Na yi dariya na ce ai layi ne kawai. Ya ce, “A wurinka layi ne. Mai wucewa bai san aikinmu ba.” Tun daga ranar kwalin ba ya kwana a buɗe. In an kira salla yakan ajiye aiki ya zauna shiru har in dawo. Da azumi ba ya shan ko ruwa a shagon. Mutane suka saba da shi, tsofaffi na ce masa Malam mai ido.

Aikin da ba na mantawa shi ne na Alaramma Habibu na Shahuci. Marubucin Alƙur'ani ne, da hannu, da ka. Ya rubuta shida, yana cikin na bakwai ya kai izu hamsin idonsa ya ƙi. Manyan baƙaƙe yana iya ja, amma ɗigo da wasali da ake sakawa da jar tawada sun gagare shi, sai su riƙa sauka gefe. Ya yi wata takwas bai taɓa alƙalami ba. Ni na je har zaurensa sau uku kafin ya yarda a gwada shi, kuma da sharaɗin a zo gidansa.

Malam Bulus ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa ya gaishe shi. Allon gwajinmu na boko ne, Alaramma ba ya karanta shi. Sai Malam Bulus ya ce a ɗauko wata takarda ta rubutun Alaramman, ba ta Alƙur'ani ba, ni in riƙe, shi ba zai taɓa ba. Ya riƙa sauya gilashi yana tambaya, wannan ko wancan. A gilashi na tara ko na goma Alaramma ya ce, “Subhanallahi. Ashe wannan harafin nun ba shi da ɗigo tun bara.” Idonsa na dama ne mai ƙarfi. Na hagu yanar ido ta fara shigarsa, yana ganin haske da inuwa ne kawai.

Bayan gwajin aka kawo fura, hira ta ɓarke tsakaninsu. Alaramma mutum ne mai tsokana. Ya ce, “Malam Bulus, wannan ilmi da kuka zo da shi, a cocinku kuka samo shi?”

Malam Bulus ya yi dariya ya ce, “Allah ya gafarta Malam, da ka san yadda coci ta yi da wani mai irin sana'armu da ba ka tambaya ba. A ƙasar Italiya aka yi shi. Ya goge gilasai kamar yadda Garba ke yi, ya haɗa su a bututu ya duba sama, ya ce ƙasa ce ke zagaya rana. Manyan coci suka gurfanar da shi, suka sa ya janye maganarsa, suka tsare shi a gida har ya makance ya mutu. Yanzu jikokinsu ne suka zo suna yi wa mutane aikin ido da gilashinsa.”

Alaramma ya ce, “To ai mu ma muna da malami a Misra da ya yi littafi a kan gani da haske tun kafin naku.”

“Haka ne, likitanmu ma ya faɗa mana. Ilmin ido ya bi hannu da yawa.”

“Amma ku kuke cewa addininku na tausayi ne.”

“Na tausayi ne, Malam. Amma masu shi sun yi shekaru suna yanka juna a Turai a kan yadda za a yi addu'a. Na karanta, ban ji daɗi ba, ban kuma bar addinina ba. Mutum in ya ji tsoro, abin da ke hannunsa yake dukan ɗan'uwansa da shi, ko da littafi ne.”

Alaramma ya daɗe yana kaɗa kai. Da za mu tafi ya raka mu har bakin lungu, abin da ba ya yi wa kowa.

Gilasan Alaramma sai da aka yi odarsu daga Legas, suka yi mako biyar. Ranar wata Alhamis suka iso, Malam Bulus ya duba ƙarfinsu, ya ce in yanka, shi zai tafi da wuri matarsa Rifkatu ba ta da lafiya. Na nemo cibiya, na ja jan layi biyu a kowanne, na yanka, na guntule, na wasa. Sun shiga firam lafiya lau, ban taɓa yin aiki mai kyau kamarsa ba. Na ɗauki ƙyalle na goge na dama. Daidai nan ayarin 'yan siyasa ya shigo lungun da kiɗa da ihu, wata mota ta bangaje rumfar ƙofar shagona. Na ajiye tabarau na fita ana ta cacar baki. Ina dawowa na tarar da Auwalu, babban ɗan Alaramma, mai sayar da littattafai a Kasuwar Kurmi, ya zo karɓa. Na naɗe tabarau a takarda na miƙa masa. Ban ɗaga shi wajen haske ba.

Alaramma bai ga komai ba, tun da jan yana gaban idon da ba ya gani. Kwana huɗu yana rubutu da shi cikin murna. Rana ta biyar, bayan sallar la'asar, wani da ke gaishe shi a ƙofar masallaci ya ƙura masa ido ya ce, “Malam, mene ne wannan a gilashinka?” Kafin magariba magana ta zagaye Shahuci, kafin Juma'a ta kai Goron Dutse. Wai Kiristan da ke Koki yana saka wa malamai kuros a ido, don duk ayar da suka duba su dube ta ta cikinsa. Wasu suka ce a cikin gilashin aka dasa shi, ba ya fita.

Auwalu ya zo shagon ranar Laraba, ranar da Malam Bulus ba ya zuwa, da mutum uku a bayansa. Ya ajiye tabaraun a teburina ya ce, “Malam Garba, mene ne wannan?”

Na sa babban yatsa na goge, jan ya fita nan take. Na ce, “Alamar aiki ce, ba komai ba.”

Ya ce, “Ban tambaye ka ko tana fita ba. Wa ya zana ta?”

Na dubi fuskokin mutanen nan huɗu. Ina da mata da 'ya'ya biyu a lungun nan, shagon kuma na ubana ne. Na ji tsoro, ba wani suna da zan ba shi. Na ce, “Haka aka koya mana a mishan.”

Ba ƙarya na yi ba. Amma tambayar da ya yi mini ba ita na amsa ba, kuma na san abin da zai ɗauka ya tafi da shi. Da na jawo kwalin na nuna masa yadda ake yi, minti biyu ya isa. Tsoron kada su ga babban kuros a bango ya hana ni. Auwalu ya ɗauki tabaraun ya ce, “Shi ke nan, mun gane.”

Washegari na gaya wa Malam Bulus rabin labarin. Na ce an ga jan an yi surutu, amma na kashe maganar. Ban gaya masa amsar da na bayar ba. Ya dube ni ta cikin gilasan nan masu kauri ya ce, “Ba ka goge ba.” Iyakar abin da ya ce ke nan. Alaramma kuwa ya aiko a gaya mana kada mu damu, ya yi wa mutane bayani a masallaci, shashanci ne. Muka ɗauka ta wuce.

Bayan kamar mako uku, wata Asabar, rigima ta tashi a bayan gari a kan ginin wani coci. Malam Bulus ya riga ya shigo birni tun da sassafe, yana gwada wata tsohuwa mai ɗinkin hula. Wajen hantsi muka ga mutane na gudu, masu shaguna na jan ƙofa, hayaƙi ya tashi ta gabas. Hanyar da zai bi ya koma gida nan ce wutar take. Na cire babbar rigata na saka masa, na ɗora masa hulata, na ce mu tafi gidan Alaramma, ba wanda zai taɓa mutum a zauren mahaddaci. Muka bar keke da akwati, muka bi lunguna. Alaramma ya karɓe mu ya ce, “Shigo, Malam Bulus, nan gidanka ne.” Ya zaunar da shi a kan buzunsa, kusa da takardun da yake rubutu.

Ba mu yi awa guda ba muka ji su. Sun fara zuwa shagona, suka ɓalle ƙofa, suka juyo kwalin. Da na leƙa na gan shi an soke shi a kan sanda an ɗaga sama, layi biyun nan da nake duba cibiya da su kullum. Wani ya gan mu lokacin da muke tafiya, ya nuna musu hanya. Sun fi ƙarfin ƙirga, yawancinsu ban san su ba, amma na san wasu. Auwalu yana cikinsu. Da ya ga ƙofar gidan ubansa aka nufa sai ya dawo gaba yana ɗaga hannu yana cewa a tsaya, ba haka aka ce ba. Ba wanda ya saurare shi.

Alaramma ya tsaya a bakin zaure, da tabaraun a idonsa, ya buɗe hannuwa ya tare ƙofa. Ya ce, “Baƙona ne. Wanda zai taɓa shi ya fara da ni.” Suka ɗan ja baya don kunyarsa. Sai wani daga baya ya ce an riga an shanye Malam, ba ga gilashin a idonsa ba. Wani ya ce a kawo fetur. A cikin gidan akwai mata da yara, ga izu hamsin da biyu na rubutu a zaure.

Na fita na tsaya kusa da Alaramma na ɗaga murya iyakar ƙarfina. “Ni na zana! Wallahi ni na zana, da hannuna! Alamar yanka ce!” Wani ƙato ya kama kafaɗata ya ture ni gefe, ba da mugunta ba, ya ce, “Malam Garba, matsa, kai namu ne.” Maganar da za ta yi aiki ranar Laraba a gaban mutum huɗu, ranar Asabar ba ta da mai ji.

Da na koma ciki na tarar Malam Bulus ya cire rigata ya ninke ta, ya ɗora hular a kai. Ya ce, “Kada a ɓata maka.” Na riƙe hannunsa na ce ya bari mu haura katanga ta baya. Ya ce ta baya ma akwai mutane, kuma ba za a ƙona gidan Malam saboda shi ba. Sannan ya cire tabaraunsa ya miƙo mini.

Na ce, “Malam, ba za ka ga hanya ba.”

Ya ce, “Riƙe. Wasunsu ni na gwada musu ido. Gara kada in gane su.”

Ya lalubi bango ya fita ta ƙarƙashin hannun Alaramma. Abin da ya biyo baya ba zan rubuta ba. Bai daɗe ba. Da 'yan sanda suka iso bayan azahar lungun ya watse, Alaramma yana zaune a ƙasa ya lulluɓe gawar Malam Bulus da bargonsa. Alaramma ne ya sa aka nemo amalanke, ni da wani maƙwabci muka tura har asibitin mishan. Bayan kwana uku na kai wa Rifkatu keken da tabaraun. Ta karɓi keken. Tabaraun ta ce in riƙe, ba ta son ganinsa babu fuskar a bayansa.

Shekarar nan ita ce mummunar shekarata. Shago ya yi wata biyar a rufe. An fasa akwatin gwaji, gilasansa ɗari da wani abu sun zama tsakuwa a lungu. Da na buɗe, ba mai gwada ido, sai wanda ya zo da takardar likita. Wasu suna tsallaka titi in sun gan ni, waɗansu don suna ganin ni yaron mishan ne, waɗansu don kunya. Na daina amfani da kwali, na daina jan layi biyu, sai in ƙiyasta da ido in ɗiga ɗigo ɗaya. Aka riƙa dawo mini da aikin da na yi. Wani tela ya ce zare biyu yake gani, wata Hajiya ta faɗi a matakalar gidanta ta karye a hannu. Alaramma ya ji, ya aika aka kira ni. Ya ce, “Garba, an kashe mutumin, kai kuma za ka kashe abin da ya koya maka? Koma ka yi yadda ya ce.” Na sayi sabon kwali na ja layi biyu. Shi ne wannan da ke bango, kuma ban ƙara juya fuskarsa ba.

Alaramma ya ƙarasa izu takwas ɗin da suka rage da wannan tabarau, ɗigo da wasali duk a mazauninsu. Bai ƙara rubuta wani ba. Ya rasu bayan shekara huɗu, Alƙur'anin yana hannun Auwalu. Ni da Auwalu muka yi shekara talatin da wani abu muna haɗuwa a jana'iza da ɗaurin aure, mu yi musabaha, kowa ya dubi wani wuri.

Bara, bayan sallar layya, ya shigo shagon nan da sanda, jikarsa ta rako shi ta koma. Ya tsufa, gemu fari fat. Ya ce ba ya iya karanta rubutun mahaifinsa, ga takardar likita. Na ce ya dawo jibi, amma ya zo da wuri, a gabansa zan yi. Ina da inji yanzu, ban kunna shi ba. Na zaunar da shi a kujerata, na ba shi gilashin a hannunsa, na ce ya rufe ido ɗaya ya dubi kwalin. Na riƙe masa hannu muna matsawa a hankali har layukan suka haɗe. Na ce, “Ka gani? Nan ne haske ke wucewa daidai. Nan zai zauna a kan idonka.” Na ba shi jan fensir, shi da kansa ya ja layi biyun.

Ya daɗe yana kallon abin da ya zana. Ya ce, “Wannan ce kawai?”

Na ce, “Ita ce kawai. Ka taɓa tambayata wa ya zana ta gilashin Malam. Ni ne. Malam Bulus ma ba ya shagon lokacin.”

 Na yanka, na wasa, na saka a firam, yana zaune. Na ɗaga wajen haske, na huro numfashi, na goge dama, na goge hagu, na sake dubawa, sannan na saka masa. Ya dubi fuskata sosai, ya dubi kwalin, ya dubi ƙofar da aka ɓalle. Na tambaye shi ko yana gani da kyau.

Ya ce, “Ina gani.”

Sai ya cire tabaraun ya ajiye a teburi, ya lalubi sandarsa ya fita. Na aika masa da shi gida sau biyu, sau biyu yana mayar mini da shi. Yana nan a aljihun teburina, kusa da na Malam Bulus.